Amsar “To” da Karatun Jinyar Masu Shaye-shaye

Hausa tana da wadatar kalmomi na gyaran hali. Akwai nasiha, akwai gargaɗi da jan kunne, akwai wa'azi da faɗakarwa, akwai kuma faɗa idan abin ya kai ga ɓacin rai. Wanda ya dubi waɗannan kalmomi da kyau zai tarar suna da sifa guda: maganar daga sama take gangarowa, babba ne ke yin ta, ƙarami kuma ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, idan an gama ya ce “to”. Wannan tsari ya raini al'umma tsawon zamani, kuma mai hankali ba zai raina shi ba. Sai dai akwai wata cuta da ta shiga gidaje da yawa a Maraɗi da Damagaram da Tawa, da maƙwabtansu na Katsina da Kano, wadda mai ita yakan saurari nasiha da hawaye, ya ce “to”, kashegari ya koma inda ya fito. Cutar ita ce kamuwa da jarabar ƙwaya.

A jami'o'in duniya akwai karatu na musamman, na bayan digirin farko, da ake ba likitocin ƙwaƙwalwa da masana halayyar ɗan Adam da ma'aikatan jinya, domin su iya zama da mai wannan cuta su yi magana da shi har ya samu mafita. Idan aka zo fassara sunan aikin da Hausa akan ce “ba da shawara”. Fassarar tana da gaskiyarta, amma tana ɓoye abu mafi wuya a karatun, wato koyon riƙe shawara a baki har sai mai buƙatarta ya nema. Labarin wata ma'aikaciyar jinya da ta yi wannan karatu zai fayyace abin da ake nufi.

Samarin da ake kawowa

Tana aiki a sashen masu taɓin hankali na wani asibiti a kudancin Nijar, a garin da ba shi da nisa da iyakar Nijeriya. Marasa lafiya da danginsu Malama suke ce mata. Ta shekara 11 a sashen, kuma ta san aikinta. Ta san allurar da ke kwantar da wanda ya fita hayyacinsa, ta san yadda ake gane farfaɗiya a jikin wanda dangi suka ce iska ce ta buge shi, ta san yadda ake lallashin tsohuwar da baƙin ciki ya hana ta cin abinci.

A hankali sai fuskokin da ke kan gadajen suka soma sauyawa. Samari ake kawowa, wasu a ɗaure da igiya, wasu bayan sun yanke jiki sun faɗi suna kumfa. Akwai ƴan kabu-kabu, akwai masu dako a kasuwa da leburorin gini, akwai waɗanda suka dawo daga haƙar zinariya a Jado, inda aka yi ta tururuwa tun 2014. Idan aka laluba aljihunsu, abu guda ake samu: tramol.

Asalin tramadol maganin ciwo ne da kamfanin Grünenthal na Jamus ya fitar kasuwa a 1977. Likita yakan rubuta miligiram 50 ko 100 a lokaci guda, ba ya kuma wuce 400 a yini. Wanda ake sayarwa a kan tire da bakin tasha kuwa, ƙwaya ɗaya takan kai miligiram 200 ko 225, saurayi kuma ya haɗiye biyu ko uku da shayin safe. Maganin yana aiki ta hanya biyu. Yana dusashe ciwo kamar sauran magungunan dangin ofiyom, yana kuma ƙara yawan wasu sinadarai biyu na ƙwaƙwalwa masu alaƙa da walwala da kuzari. Shi ya sa mai sha yake jin gajiya ta gushe, ya yini a kan babur ko a cikin rami. Idan adadin ya yi yawa, sai farfaɗiya ta biyo baya. Yawancin samarin da Malama ta gani da neman ƙarfin aiki suka soma.

Abin da take yi musu shi ne abin da ta sani. A tsayar da farfaɗiyar, a riƙe yaro kwanaki har hankalinsa ya dawo, sa'an nan ta zaunar da shi ta yi masa nasiha irin ta uwa. Takan tuna masa wahalar mahaifiyarsa, da ranar tsayuwa gaban Allah, da auren da yake buri. Yaro ya sunkuya, wani har ya yi kuka, ya ce, “To, Malama. In sha Allahu na daina.” Bayan wata biyu ko uku sai a sake kawo shi. Wasu ba a sake kawo su ba, sai labarinsu da ta ji a gidan gaisuwa. Abokan aikinta sukan ce hali zanen dutse ne, ko su ce sabo turken wawa. Ita kuwa zuciyarta ba ta kwanta da wannan hukunci ba, domin ta ga hawayen da idonta, ta kuma tabbata ba na yaudara ba ne. Tambayar da ta tsaya mata ita ce, ta yaya mutum zai yi nufin alheri da la'asar, gari ya waye ya saɓa?

Ba garinsu kaɗai abin ya shafa ba. Binciken da gwamnatin Nijeriya da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi suka fitar a farkon 2019 ya nuna mutum miliyan 14.3, ƴan shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da wata ƙwaya a cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga cikinsu magungunan ciwo irin su tramadol da kodin, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Tun a watan Mayun 2018 Nijeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Kasuwar Jibiya da ta Maraɗi kuwa hanya ɗaya ke haɗa su, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Komawa aji

Da ta samu gurbin karatu na shekara guda a wata jami'a ta bakin teku inda ake koyarwa da Faransanci, sai da aka yi zaman gida kafin ta tafi. Maigidanta ya amince, surukarta ta karɓi yara uku. A ajin ta tarar da likitocin ƙwaƙwalwa, da masana halayyar ɗan Adam, da jami'an jin daɗin jama'a, kowa da shekarun aikinsa, kowa kuma da irin tambayar da ta kawo ta.

A makonnin farko aka ba su tarihin fannin. A Amurka ya fara tsayuwa da ƙafarsa. A 1935 aka kafa ƙungiyar mashaya giya masu taimakon junansu a jihar Ohayo, a 1949 kuma aka buɗe cibiyar Hazelden a jihar Minesota, yankin da aka riƙa ɗaukar waɗanda suka bar giya aiki domin su zauna da sababbin shiga. Daga baya aikin ya koma karatun digiri na biyu, har hukumar CACREP mai tantance irin waɗannan darussa ta shar'anta wa ɗalibi awa 100 na gwaji da awa 600 na aiki a ƙarƙashin idon gwani kafin ya kammala. A Afirka ta Yamma ma an yi nisa gwargwado. Asibitin Aro da ke Abekuta ya buɗe sashen jinyar masu shaye-shaye a 1983, a ƙarshen 2014 kuma aka buɗe cibiyar CEPIAD a asibitin Fann na Dakar, inda ake ba masu jarabar hodar heroyin maganin metadon.

Sa'an nan aka shiga ilmin jiki, a nan kuma ta samu rabin amsar tambayarta. Ƙwaƙwalwar da ta saba da ƙwaya takan gyara zamanta bisa ƙwayar, ta yadda ɗaya ba za ta ƙara isa ba sai biyu, biyu sai huɗu. Ranar da aka yanke, jiki ya tayar da ƙayar baya: ciwon gaɓoɓi, gumi, gudawa, hamma, rashin barci, da fargabar da ba ta da dalili. Mai barin tramadol wani lokaci har ruɗewa yakan yi. Wato yaron da ya yi alkawari da la'asar, da asuba jikinsa ne ke yi masa kururuwa, mai sayarwa kuma yana bakin tasha. Ta koyi cewa yanke giya ko ƙwayoyin sa barci irin su diyazefam farat ɗaya yana iya kisa, don haka a hankali ake rage su ƙarƙashin kulawar likita. Ta koyi alamomi 11 da littafin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka na 2013 ya jera: mai biyu ko uku a cikin shekara cutarsa mai sauƙi ce, mai huɗu ko biyar matsakaiciya, mai shida zuwa sama ta yi tsanani. Ta koyi tambayoyi takwas na ma'aunin ASSIST da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara, da yadda ake yin su ga kowa da murya ɗaya, ba tare da fuska ta sauya ba ko da amsar ta girgiza mai tambaya.

Duk wannan ilmi ne da ake samu a littafi, kuma bai ba ta wuya ba. Wuyar tana gaba.

Riƙe harshe

Rabin karatun a kan hira ne. Hanyar da aka fi koyarwa ita ce wadda masanin halayyar ɗan Adam William Miller ya fara bayyanawa a 1983, bayan wasu matasan masana a ƙasar Norwe sun yi ta tambayarsa dalilin kowace kalma da yake faɗa wa mashaya giya. A 1991 shi da Stephen Rollnick suka fitar da littafi a kanta. Tushen hanyar mai sauƙin faɗi ne. Mai jaraba zuciyarsa biyu ce, ɗaya tana son bari, ɗaya tana son ci gaba, kuma dukansu nasa ne. Idan mai jinya ya ɗauki ɓangaren bari ya yi ta kawo hujjoji, sai maras lafiya ya koma kare ɗaya ɓangaren, ko a fili ko a zuci. Mutum kuwa ya fi gaskata abin da ya ji bakinsa ya faɗa. Aikin mai jinya shi ne ya shirya hirar ta yadda hujjojin bari za su fito daga bakin mai cutar. Wani bincike da Miller da abokan aikinsa suka buga a 1993 ya nuna cewa gwargwadon yadda mai jinya ya riƙa ƙalubalantar mashayi a hira, gwargwadon yawan giyar da aka tarar yana sha bayan shekara guda.

Ba a koyon wannan da karatu kawai. Ɗalibi yakan ɗauki muryar hirarsa da maras lafiya, da izininsa, sa'an nan malami ya saurara yana ƙirge: tambaya nawa aka yi, nawa ce mai buɗe baki, nawa ce mai amsar i ko a'a, sau nawa ɗalibi ya mayar wa maras lafiya da ma'anar maganarsa domin ya ji ta da kunnensa. Abin da ake so shi ne irin wannan mayarwa ta ninka tambaya sau biyu.

Malama ta yi zangon gwajinta a asibitinsu, da Hausa, tana rubuta hirar tana fassara wa malaminta da Faransanci. A hirar farko da ta aika, saurayin ya ce “to” sau goma sha bakwai, kowace kuma ta fassara ta da kalmar Faransanci mai nufin amincewa. Malamin, wanda bai ji Hausa ba, ya rubuto mata cewa wannan yaro ya yarda da kome, amma har hirar ta ƙare bai faɗi abu ɗaya da shi yake so ba. Ya tambaye ta ko kalmar lalle amincewa take nufi.

Ta kwana tana juya tambayar. Akwai “to” ta amincewa. Akwai “to” mai nufin na ji. Akwai ta wanda ya gaji da zama yana so a sallame shi, akwai ta wanda ya ga babu amfanin musu. Akwai kuma ta ladabi, wadda ita ce ta fi yawa a ɗakinta, domin ɗan Bahaushe mai tarbiyya ba ya duban sa'ar mahaifiyarsa ya ce mata a'a. Littattafan da suke karantawa sun siffanta turjiyar maras lafiya da gardama da katse magana da ɗaga murya, domin haka take bayyana a ƙasashen da aka rubuta su. A ƙasar Hausa sau da yawa turjiya da sunkuyar da kai take zuwa, da saurin amincewa. Kunya, wadda ado ce a gida, a ɗakin jinya takan zama labule. Daga ranar Malama ta ɗauki yawan “to” a matsayin alamar cewa ita ce ke magana fiye da kima.

Bayan wasu watanni aka kawo wani ɗan kabu-kabu. Ya ce mata, “Wallahi Malama, ba don jin daɗi nake sha ba. In ban sha ba, ba na kai la'asar a kan babur.”

Amsar da ta saba tana kan harshenta: ɗana, mahaifinka da ƙwaya ya noma gonar da ya ciyar da ku? Ta haɗiye ta. Ta ce, “Wato ita ke riƙe ka har ka haɗa na mai babur da na cefane.”

Ya ɗago kai, abin da bai yi ba tun shigowarsa. “Haka ne. Amma kuma ita ke cinye kuɗin. Ran nan ma faɗuwa na yi da fasinja. Mace ce, da goyo.”

“Abin ya tsaya maka a rai.”

Ya yi shiru mai tsawo, ita ma ba ta cike shirun ba. Can ya ce, “Da yaron ya mutu fa? Ni ma ina da kamarsa a gida.”

Babu wata nasiha da za ta yi masa da ta kai wannan jimla nauyi, domin daga cikinsa ta fito. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Akwai wata dabara da aka koya musu ta tambayar maras lafiya, daga sifiri zuwa goma, ina muhimmancin bari ya kai a wurinsa, sa'an nan a tambaye shi me ya sa bai faɗi adadin da ya fi wannan ƙanƙanta ba. Ta ga lissafin ba ya shiga jikin mutanenta, sai ta mayar da shi tafiya. Takan ce, “A ce barin ƙwaya tafiya ce daga Maraɗi zuwa Damagaram, kai yanzu ina ka kai?” Wani ya ce ko Tasawa bai kai ba. Ita kuma ta ce, “To me ya fitar da kai daga tashar Maraɗi?” Daga nan sai ya soma lissafa dalilansa.

Karatun bai hana ta ba da shawara ba, ya dai koya mata yin sallama kafin ta shiga. Takan ce, “Ka yarda in faɗa maka abin da na sani game da tramol da farfaɗiya?” Idan ya yarda ta faɗa a taƙaice, ta tambaye shi yadda ya ga maganar. Haka nan ba ta ture addini gefe ba. Idan yaro da kansa ya ce abin da ya fi damunsa shi ne sallar asuba da ta kuɓuce masa wata da watanni, takan bi wannan zare har ƙarshensa, domin a nan ne zuciyarsa mai son bari take da ƙarfi.

Tuntuɓe da faɗuwa

Darasi na gaba shi ne na komawa. A da, idan aka sake kawo wanda ta sallama, takan ji kamar aikinta ne ya rushe, dangi kuma su ce yaro ya ci amana. Wani nazari da aka buga a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka a shekarar 2000 ya nuna kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa jinyar shaye-shaye sukan koma a cikin shekara guda, ya kuma jera cutar tare da hawan jini da ciwon sukari da asma, waɗanda su ma sukan tashi bayan sun lafa. Ba a korar mai hawan jini daga asibiti don jininsa ya sake hawa, magani ake gyara masa.

Masanin nan Alan Marlatt, wanda littafinsa kan rigakafin komawa ya fito a 1985, ya bambanta sha ɗaya bayan an bari da komawa gaba ɗaya. Abin da ke mayar da na farko ya zama na biyu sau da yawa shi ne yanke ƙauna, mutum ya ce tunda na karya, shi ke nan. Malama ta samo wa wannan bambanci kalmomi a gida: tuntuɓe da faɗuwa. Bahaushe ya riga ya ce tuntuɓe gushin gaba. Tun kafin ta sallami yaro sukan zauna su lissafa duwatsun da ke kan hanyarsa: fadar da yake shan shayi da abokai, ranar kasuwa, lokacin noman damina da aiki ke yin yawa, faɗa da maigida, kuɗi a aljihu bayan biya. Kowane dutse su yi masa shiri, su kuma ajiye sunan mutumin da zai nema a daren da ya yi tuntuɓe.

A nan ne kuma ta samu ilmin da take ganin ya fi kowane gaggawa. Iyaye da yawa, idan dabara ta ƙare musu, gidan mari suke kai yaro. A watan Satumban 2019 ƴan sanda suka fitar da mutum fiye da 300 daga wani gida a unguwar Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa, kuma wasu iyayensu ne suka kai su saboda shaye-shaye. Iyayen ƙauna ce da rashin wata ƙofa suka kai su can. Amma mari yana tsare hannu ne kawai, kuma a watannin da yaro ya yi a tsare jikinsa yakan manta sabon da ya yi da ƙwayar. Ranar da ya fito, idan ya haɗiye adadin da ya saba sha a da, numfashinsa yana iya tsayawa. Haka abin yake ga wanda ya fito daga kurkuku ko daga gadon asibiti. Yanzu babu uban da ke fita daga ɗakinta ba ta gaya masa wannan ba, babu kuma yaron da take sallama ba ta gaya masa a fili ba, ko da ya rantse ba zai koma ba.

Amana da dangi

Ƙa'idar aikin ta ce abin da maras lafiya ya faɗa sirri ne. A garinsu kuwa uba ne ke kawo yaro, shi ke biyan kuɗin magani, yana kuma tsaye a bakin ƙofa yana jiran bayani. Abokan karatunta sun yi muhawara mai tsawo kan wannan, malamansu kuma suka tuna musu cewa Afirka tana da nata tarihin a nan. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya soma saukar da masu taɓin hankali a ƙauyukan da ke kewaye da Aro, kowane da ɗan'uwansa mai jinya. A Fann ma, tun zamanin Henri Collomb da ya karɓi sashen a 1959, aka shigo da dangi cikin jinya. Cire dangi a ƙasar Hausa cire rabin magani ne.

Hanyar da ta bi ita ce ta fara zama da yaro shi kaɗai, su daidaita abin da za a faɗa da wanda za a bari, sa'an nan a kira uban. Wani dattijo ya taɓa ce mata, “Malama, ni na haife shi. Me zai gaya miki da ni ba zan ji ba?” Ta ce, “Alhaji, abin da ya gaya mini amana ce, kuma da kai ne ka ba ni amana haka zan riƙe. Amma akwai maganar da shi da kansa yake so ya faɗa maka, in za ka ba shi dama ya kai ƙarshenta.” Dattijon ya zauna. Yaron ya yi maganar yana duban ƙasa, uban yana duban bango, amma an yi ta.

Ga mata lamarin ya fi haɗari. Matar aure da ta saba da maganin tari ko ƙwayar barci ba a kawo ta da igiya. Takan zo da kukan ciwon kai ko rashin barci, sai an yi hira uku ko huɗu gaskiya ke fitowa. Kalma ɗaya da ta fita daga ɗakin tana iya zama sanadin saki da rabuwa da ƴaƴa. Saboda su ne Malama ta nace har aka ba ta wani ɗan ɗakin ajiya mai ƙyaure, aka fitar da kwalaye, ta sa kujeru biyu masu tsawo ɗaya, ba tebur a tsakani.

Bayan takardar shaida

Ta dawo da takarda, amma layin marasa lafiya bai ragu ba, albashi bai ƙaru ba, magungunan da ta gani a littafi irin su metadon ba su iso asibitinsu ba. Hirar da aka koya mata ta minti arba'in wani lokaci a minti goma take yin ta. Har yanzu akwai waɗanda ke komawa, akwai kuma gidajen gaisuwa. Abin da ya sauya shi ne da yawa daga cikin masu tuntuɓe yanzu da ƙafarsu suke dawowa, tun abin bai yi nisa ba, domin sun san ba faɗa ke jiransu ba.

An gargaɗe su tun a aji cewa wannan gwaninta takan dushe idan babu mai saurare yana gyara, harshe kuma ya koma ga abin da ya saba. Don haka kowane wata ita da wata abokiyar karatunta sukan yi hira ta WhatsApp, kowace ta karanta wa ƴar'uwarta wani yanki na hirar da ta yi, ba tare da suna ba, su ƙirga tambayoyi da mayarwa kamar yadda malaminsu yake yi. Ta kuma soma koya wa ƙananan ma'aikata biyu na sashen. Darasin farko da take ba su shi ne na suna. A ɗakin ba a cewa ɗan ƙwaya ko mashayi, sai dai mai fama da ƙwaya, domin wanda aka laƙaba wa suna yakan zauna a cikinsa.

Tana da wani littafin rubutu da take tara maganganun da ke nuna zuciya ta soma juyawa, yadda suke fitowa a bakin Hausawa, tunda littattafan karatun da Faransanci da Ingilishi suka kawo nasu misalan. A ciki akwai “na gaji da wannan rayuwa”, da “da ma a ce”, da “ina jin kunyar Inna”, da “ya kamata dai”, da “zan gwada”. Ta jera su daga mai rauni zuwa mai ƙarfi, tana nuna wa ɗalibanta cewa idan suka ji ɗaya daga ciki su tsaya a kanta, su nemi ƙarin bayani, kada su yi gaggawar yabo. A shafin ƙarshe ta rubuta abin da ta lura da shi game da “in sha Allahu”. Idan ta zo ita kaɗai a ƙarshen nasiha, sau da yawa ƴar'uwar “to” ce. Idan kuwa ta zo da rana da aiki, kamar wanda ya ce in sha Allahu ranar Laraba zai zo da ƙanensa, ko gobe zai sauya tashar da yake tsayawa, to an kai ga niyya, kuma a nan ne ma'aikaci ya kamata ya ɗauki alƙalami su rubuta shiri tare.

Irin wannan littafi shi ne abin da jami'o'in da ke koyar da fannin suke buƙata daga ɗalibansu masu jin Hausa, haka ma sassan nazarin harshe na Yamai da Kano da Sakkwato suna da abin da za su ƙara a cikinsa. Likita zai iya rubuta magani da kowane harshe, amma hirar da ke raba mutum da ƙwaya da harshen da yake tunani a cikinsa ake yin ta. Littafin Malama ya kai shafi talatin, kuma ɗaya daga cikin ƙananan ma'aikatan nan ya soma kwafe shi da hannu.